Ɗanfirit Mai Zane Uku

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

A da can, idan rani ya yi, kogi yakan janye ya rabu gurbi uku: na tarwaɗa, na karfasa, da na kurungu. Kowane gurbi da zanensa. Ba a barin kifi ya shiga sai da zanen gidan a jikinsa. Wanda ya rasa gurbi, rana ta gasa shi a kan yashi.

To, akwai wani ɗan kifi, Ɗanfirit, tsawonsa bai kai yatsa ba. Jikinsa sumul, ba zanen kowa. Ya ce a ransa, "Tarwaɗa na da tsutsa, karfasa na da gansakuka, kurungu na da dodon koɗi. Don me zan ci abu ɗaya rani guda?"

Sai ya tafi wurin Ƙaguwa, wanzamiyar kogi, a gidanta ƙarƙashin duwatsu.

"Gwaggo, a yi mini billen tarwaɗa. Uwata tarwaɗa ce."

Ƙaguwa ta dube shi. "Ina gashin bakin?"

"Ubana na ɗauko."

Ta tsaga masa bille a ƙarƙashin ido.

Washegari ga shi. "Gwaggo, a yi mini na karfasa. Kakata karfasa ce."

"Fuskar taka ta cika."

"Ga haƙarƙari."

Ta jera masa baƙaƙen layuka a gefe.

Rana ta uku ya dawo. "Gwaggo, saura ɗigon kurungu. Ubana kurungu ne."

"Uban da ka ɗauko? Ai kurungu ma gashin baki gare shi."

"Gwaggo, aska kike yi ko shari'a?"

Ƙaguwa ta ɗauki aska. Ta ɗiga masa ɗigo a gindin wutsiya.

Rani ya zo, kogi ya rabu, sai 'yar siririyar hanya tsakanin gurbi da gurbi. Ɗanfirit ya nufi na tarwaɗa, ya cusa kai. Mai tsaron ƙofa ta ga bille, ta ce, "Shigo, ɗan 'yar'uwa." Kai ya wuce, haƙarƙari ya biyo.

"Tsaya! Bakarfashe ne!"

Me ya yi, yara?

Firit!

Ya nufi gurbin karfasa. Wannan karon ya zo a kaikaice, ya kawar da fuska. Mai ƙofa ta ce, "Layinmu ne kam. Juyo mu gaisa mana."

"Wuyana ne ya ƙage."

Ta zagayo da kanta, ta ga bille.

Firit!

Saura gurbin kurungu. Ya shiga da baya da baya. Tsohon kurungu ya ce, "Wane marar tarbiyya ne ke sallama da wutsiya?"

"Kawu, kunya nake ji."

Kurungu ya kama wutsiyar ya jawo. Layuka suka fito, bille ya fito.

Firit!

Ruwa na ta janyewa, bayansa ya fara jin rana. Ya koma wurin Ƙaguwa yana haki.

"Gwaggo, goge mini biyu, ki bar ɗaya."

"Aska tana tsagawa, ba ta gogewa. Wai kai, ɗan wa ne?"

Ɗanfirit ya sunkuyar da kai. "Ɗan Firit ne, jikan Firit."

Ƙaguwa ta yi dariya har askarta ta faɗi. Ta ce, "Akwai ɗan ruwa mai gudu cikin tsakuwar bayan gidana, ba ya ƙafewa. Bai kai idon sahu ba, amma kai ma ba ka kai ba. Je ka kwanta."

Shi ya sa har yau ba za ku same shi a zurfi ba, ko cikin taɓo. Sai a ƙorama mai tsakuwa, inda ruwa yake garai-garai. Ku duba da kyau, za ku gan shi kwance a ƙasa, ga bille, ga layuka, ga ɗigo. Da ya ga inuwarku, sai ya ɗauka mai tsaron ƙofa ne.

Firit!

Ƙurunƙus kan ƙaguwa.