Katin Tanimu da Usur ɗin Sallau Baduku

An yi wani mutum a wani gari. Ba zan faɗi sunan garin ba, don jikokin waɗanda suka yi abin kunyar suna nan da ransu, kuma hancin wasu da nake gani a zaune a nan ya yi mini kama da na kakanninsu. Abin da zan ba ku labari ni na fara ganinsa. Kafin manyan lardi, kafin gidan rediyo, kafin shi kansa bawan Allahn da abin ya faɗa wa.

Tun ɗazu nake jin ku kuna ta musu a kan waya: ƙungiya kaza ta kori koci, kaza ta naɗa sabo. Har wani yana karanta mana na Ostireliya, masu ƙwallo kamar ƙwan jimina, wai su ma sun sauke nasu. Ga shi jibi za ku zaɓi naku kocin. To ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Ni Mati ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai dai in gaishe shi in wuce. Amma shekara goma sha bakwai na tsare raga, har ana ce mini Ganuwa. Ku dubi yatsun nan, babu wanda bai taɓa karyewa ba. Cikin mu goma sha ɗaya an binne goma, ni na rage, kuma da ƙafata na zo nan, ba a goyo ni ba.

Mutumin nan sunansa Sallau, baduku ne. Rumfarsa tana bakin kasuwa, yana ɗinkin takalma da kube. Shi ke ɗinke mana ƙwallo in ta fashe, don a lokacin ƙwallo ɗaya gare mu, in ta mutu an tashi wasa. Shi ke bin gidaje yana roƙon toka, ya tankaɗe, ya zana layin fili da hantsi. Shi ke ƙulle raga. In koci bai zo ba, shi ke tsayawa ya ce wane matsa nan, wane koma can, kuma in muka bi maganarsa sai mu ci. Shekara goma sha huɗu yana haka. An yi koci bakwai a kansa. Bakwai. Wani ɗan'uwan ciyaman ne, wani ya iya Turanci, wani tumbi kawai gare shi da baƙin tabarau. Duk wanda aka naɗa, Sallau zai wanke masa usur ya miƙa masa hannu bibbiyu.

Shekarar da nake faɗa muku, mun kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin lardi. Muna da ɗan gaba, Tanimu, siriri kamar zabori. Shi ya ci mana ƙwallon da ta kai mu wasan ƙarshe, kuma a cin nata aka taka masa ƙauri, ƙashin ya ce ƙas, ina daga ragata na ji. Aka ɗauko wani shahararren maɗori a mota daga wani gari mai nisa, ya ɗaure ƙafar da kara, ya ce kada ta taɓa ƙasa sai bayan kwana arba'in. Ku riƙe maganar maɗorin nan, za mu dawo kanta.

Washegari kocinmu ya gudu, wata ƙungiya ta birni ta yi masa kiranye. Saura kwana goma sha biyu wasan ƙarshe. Kwamiti suka waiga gabas, suka waiga yamma, babu kowa. Sai ciyamanmu, Alhaji Bawale, ya tara mu a fili, ya rataya wa Sallau usur a wuya, ya ce daga yau shi ne koci. Na ga mutumin nan ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Shekara goma sha huɗu. Ranar matarsa ta yi fura ta aiko mana cikin ƙwarya uku.

Ku saurara, yanzu aka zo wurin.

Bayan kwana biyar, da hantsi, na shiga zauren Alhaji Bawale karɓar sabuwar safar hannu. Ban yi sallama da ƙarfi ba. Me zan gani? Sakatarenmu Nasidi, ƙanin matar Alhaji, ya ɗora butar shayi a kan gawayi, ya kanga katin ɗan wasa a bakin tururi. A zamaninmu kowane ɗan wasa da katinsa, da hotonsa a manne, da hatimin lardi rabi a kan hoto rabi a kan kati. Tururi ya jiƙa gam ɗin, Nasidi ya sa reza ya ɗaga hoton a hankali. Fuskar Tanimu ce. Amma kafin ya ɗaga, sai da ya ɓare dafaffen ƙwai mai zafi ya mirgina shi a kan hatimin, tawada ta kama ƙwan. Ya manna hoton wani ƙato, ya sake mirgina ƙwan a kai, hatimi ya fito sak. Hoton Tanimu kuwa ya yar a ƙasa. Sannan ya barbaɗa wa ƙwan gishiri ya cinye, da shuɗin tawadar da komai. Wallahi a gabana.

Ƙaton yana zaune a gefe yana miƙe ƙafa. Ɗan haya ne aka ɗauko daga birni, zai buga da sunan Tanimu. Tanimu yana can kwance a ɗakin uwarsa ana juya shi kamar waina, su kuma suna nan suna ɓare masa fuska.

Abu ɗaya ya rage musu. Takardar sunayen 'yan wasa ba ta karɓuwa sai koci ya sa hannu. Aka aika a kira Sallau. Ya shigo da usur a wuya, basilla a maƙale a hula. Ya durƙusa ya gaida Alhaji.

Alhaji ya ce, "Koci, ga takarda, dangwala mana yatsa a nan."

Sallau ya dubi katin da ke kan tabarma, ya dubi ƙaton. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan wane ne?"

"Tanimu ne."

"Tanimu ya yi ƙiba."

Nasidi ya yi dariya, ya ce, "Baba Sallau, kowa haka yake yi. Ka zaci su can waliyyai ne? A birnin lardi za a buga, wa ya san fuskar wani?"

Sallau ya ce, "Ni na sani."

Alhaji ya gyara zama, ya sassauta murya. Ya ce, "Sallau, shekara nawa kana jiran usur ɗin nan? Ka ci kofi, ka zauna a kujerar har ka tsufa. Zan kai ka kwas a birni. Yatsa ɗaya ne fa."

Sallau ya sunkuya ya tsinci hoton Tanimu daga ƙasa, ya hure ƙurar, ya sa a aljihu. Ya ce, "Alhaji, yaron nan ƙafarsa ya ba mu. Sunansa ne kaɗai ya rage masa a ƙungiyar nan, ba zan ba wani aro ba. Ina da Garba Ƙarami a benci, ba shi da gudu amma yana da kai. Ku bar ni in buga da shi. In mun ci, mun ci. In an ci mu, mu dawo gida da fuskokinmu."

"In ka ƙi fa?"

"Ba zan dangwala ba. Ba zan bi gari ina shela ba, amma duk ranar da aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

Alhaji ya miƙa hannu. Sallau ya cire usur, ya goge shi da bakin riga, ya ajiye masa a tafi. Kwana biyar ya yi yana koci. Kafin azahar an naɗa Nasidi, mutumin da bai taɓa buga ko lemun tsami ba.

Da sun tsaya nan, da da sauƙi. Amma dole su gaya wa gari dalilin sauke shi. Sai suka ce abokan karawarmu sun saye shi. Sallau. Mutumin da takalmin ƙafarsa faci ne a kan faci. Kuma gari ya yarda. Wannan shi ke ƙona mini rai har gobe. Mutanen da ya ɗinke wa takalma shekara da shekaru suka daina tsayawa a rumfarsa. Wani mahauci ya tofar da yawu a gabansa. A masallaci aka riƙa barin gurbi tsakaninsa da na kusa da shi.

Na je na same shi, na tarar yana ɗinke ƙwallon da za mu yi atisaye da ita, don ta sake fashewa kuma Nasidi bai san ta inda ake farawa ba. Na ce, "Baba Sallau, ana cin mutuncinka kana yi musu ɗinki? Ka fita kasuwa ka faɗi gaskiya mana."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ƙwallon ba ta yi mini laifi ba. Kuma maganar mai neman kujerarsa wa zai ji? Ai ba ni kaɗai na gani ba, Mati."

Na yi shiru. E, ni Ganuwa, na yi shiru. Ina son kofin nan kamar raina. Ban taɓa tsoron takalmin ɗan gaba ba, amma ranar na ji tsoron bakina. Na faɗa muku ne don ku san ba na ƙara gishiri.

Muka je birnin lardi muka buga. Na kaɗe ƙwallo tara, ɗaya da haɓa, ku dubi tabon. Ƙaton ya ci biyu. Muka ɗauko kofi, aka tare mu da kalangu tun daga bakin gada. Da yamma gidan rediyo ya faɗa wa duniya cewa Tanimu ya ci biyu.

Kun tuna maɗori? To masu wayon nan, da tururinsu da ƙwansu, sun manta daga wane gari aka ɗauko shi. Garin abokan karawarmu ne. Yana zaune a ƙofar gidansa cikin mutanensa, ana jimamin rashin kofi, sai ya ji rediyo. Ya ce, "Wane Tanimu? Wanda na ɗaure wa ƙauri kwana goma sha uku da suka wuce? Na san na iya ɗori, amma ban kai nan ba."

Kwana uku sai ga manyan lardi a mota, da maɗorin a gaba. Suka wuce kai tsaye gidan su Tanimu. Uwarsa ta ɗaga musu labule ta ce, "Ga mai cin biyun nan, ku taya ni juya shi." Suka kira Sallau a gaban jama'a suka tambaye shi. Ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba, bai ko dubi inda Alhaji yake ba. Ya ciro hoton daga aljihu ya miƙa. Aka ɓare na ƙaton, aka ɗora shi a kan katin, gurbin gam ɗin ya zauna daidai. Sai a lokacin bakina ya buɗe, na ba da labarin ƙwai. Na makara, amma na faɗa.

Aka karɓe kofi. Aka dakatar da mu shekara biyu. Alhaji Bawale ya ce shi dama harkar ƙwallo ba ta dame shi ba. Nasidi ya koma garin kakanninsa. Kwamiti ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wani ma har ya fara kai taki filin zai shuka gero.

Ku saurara. Shekara biyun nan babu gasa, babu kofi, babu mai kallo. Amma duk ranar Juma'a da hantsi za ka ga Sallau da kwanon toka yana zana layi. Mahaucin da ya tofa masa yawu ya zo neman gafara, Sallau ya ce masa, "Wuce nan, kawo takalminka, na ga ya buɗe baki." Ranar da wa'adi ya cika, ni na je gidan Alhaji na karɓo usur ɗin, ban yi sallama ba, ban yi godiya ba. Tanimu ne ya rataya wa Sallau, yana ɗingishi. Babu kwamiti, babu takarda. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koci har Allah ya karɓi abinsa.

Na ga bakin wani yana motsi, yana son ya tambaya kofi nawa ya ci. Ko ɗaya. Bai taɓa cin kofi ba. Amma shekara goma sha ɗayan nan, in muka je wasa ko'ina a lardin, alƙalin wasa ba ya duba katinmu. Sai ya ce, "Yaran Sallau ne? Ku shiga." Ku nemo mini kofin da ya kai wannan.

To ga abin da nake so ku ɗauka. Amana ba a gane ta sai ranar da riƙe ta zai raba mutum da abin da ya daɗe yana so. Wanda ya ƙi sayen kujera da ƙarya, ko an ture shi, kujerar za ta bi shi gida. Kuma wanda ya ga zalunci ya yi shiru don yana da rabo a ciki, shi ma ya ci ƙwan nan, ko bai tauna ba. Jibi in kun zauna zaɓe, kada ku tambayi wa ya iya Turanci, wa ke da ɗan'uwa a kwamiti. Ku tambayi wa ke zuwa fili ranar da babu mai kallo. Yana cikinku, kun san shi, kuma kun saba aikensa sayen ruwa. Haka yake a kasuwa, haka yake a gidajenku.

Wanda ya ce ƙarya nake, ƙofata ba ta da ƙyaure. Katin Tanimu yana cikin adakata, Sallau ya mayar da hoton da gam ɗinsa na dukanci, shuɗin ƙwan yana nan a gefe. Ya zo ya gani. In ya gani bai gamsu ba, ya ɗauko ƙwallo gobe bayan la'asar ya ajiye ta a kan ɗigon fenariti. Shekarata tamanin da ɗaya. Zan tsaya a raga, ya buga mu gani.