Dalilin da Ya Sa Jaki Ya Tashi da Zane Ɗaya a Baya

Ke Ladidi, ɗauke mini littafin nan daga kan hanci, ba makancewa na yi ba. Na gani. Jaki ne mai zane-zane, sai me? An kai ku makaranta, an ba ku littafi mai hotuna, amma tambaya sai ku kawo wa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba. Kullum ga jakin Baffanku a ƙofar gida, ba wanda ya taɓa duba bayansa sai yau da kuka ga ɗan'uwansa a takarda. To ku zauna. Wanda ya katse ni ya tashi.

Dalilin da ya sa jakin dawa ke da zane tun daga kunne har kofato, namu na gida kuwa layi ɗaya a gadon baya da wani a gicciye kan kafaɗa, bakinsa ne ya ja masa.

A da can dabbobi duk launin toka ne. To akwai wata tsohuwa mai zanen ƙwarya, Inna Kuluwa, wadda in ta gama aikinta shuni ya ragu a kasko, sai ta yi wa dabbobi ado da gashin kaza. Ita ta yi wa Damisa, ita ta yi wa Zabuwa. Duk wanda ta zane, in ya shiga ciyawa sai ya saje da inuwa, ba mai ganinsa balle ya ɗora masa kaya.

Jaki kuwa kaya sun ishe shi. Itace yake ɗauka wa wani Tanimu tun safe har yamma. Rannan ya biyo ta ƙofar Inna Kuluwa, sai ya ga ƙanensa, wanda ba a riga an sa wa igiya ba, ya fito da zane fari da baƙi, yana taƙama zai tafi dawa.

Jaki ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ma."

Ta ce, "Kai kana da ubangida, ba na taɓa kayan mutum sai da saninsa. Je ka ce masa kana so a zane ka. Ka yi sauri, shunin nan shi ne na ƙarshe, kuma rana tana shanye shi."

Jaki ya ruga gida. Ya tarar da Tanimu yana wasa gatari. Ya ce, "Maigida, so nake a zane ni."

Tanimu ya ajiye gatari. "A zane ka? Me ka yi?"

"Ban yi komai ba. So nake."

"Hatsin wani ka ci?"

"A'a. An zane ƙanena, ni ma ina so."

Tanimu ya rasa gane kan maganar, ya kira matarsa Hansatu. Kun san bakin Jaki, kalma ba ta fitowa daidai, wani wuri ya ja, wani wuri ya datse. Hansatu ta saurara ta ce, "Malam, kai ma dai. Zane yake so, na ɗaurawa. Ya gaji da yawo tsirara." Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani tsohon zanenta ta ɗaura masa a ƙugu.

Jaki ya dubi kansa. Bai yi kama da ƙanensa ba, amma ya ce wataƙila da haka ake farawa. Ya kama hanya yana harɗewa yana faɗuwa, awaki na binsa da dariya.

Inna Kuluwa ta gan shi ta ce, "Wannan kuma fa? Biki za ka?"

"Ba shi kika ce ba?"

"Na ce maka tufafi? Izini na ce. Koma ka yi masa bayani, a jiki ake yi. Ka ga kaskon, ya kusa rabi."

Jaki ya koma yana ta maimaitawa a hanya don kada ya manta. Ya ce, "Maigida, ba na ɗaurawa ba. A jiki. Tun daga wuya har wutsiya, yadda ba zai goge ba."

Tanimu ya dubi Hansatu, Hansatu ta dubi Tanimu. Ya ce, "Ni tun da nake ban taɓa ganin mai roƙon wannan ba. Ka tabbata?"

"Na tabbata. Rana tana yi."

Tanimu ya je ya yanko tsumagiya. Ya ɗaga, ya tsaya, ya sake tambaya. Jaki ya gyara tsayuwa ya miƙa baya. Da ta farko ta sauka sai da hawaye ya zubo masa. Ya ce a ransa, ashe Maigida ma ya iya, amma me ya sa ƙanena bai ce da zafi ba? To ko kwalliya haka take? Ya cije. Har cewa yake, "Ba ka yi ta cinya ba." Tanimu yana dukan yana girgiza kai, Hansatu na cewa, "Malam, ya isa haka," Jaki na cewa saura wuya.

Da aka gama ya lallaɓa bakin rafi ya leƙa ruwa. Babu fari, babu baƙi, sai kumburi. Ya juya hagu, ya juya dama. Ya ce ko sai ya bushe yake fitowa? Ya tsaya a rana yana jira, shuni kuma can yana ƙafewa.

Sai da rana ta karkata ya ja ƙafa ya isa wurin Inna Kuluwa. Ta zagaya shi ta ce, "Wa ya yi maka haka?"

"Maigida. Na ce a zane ni, ya zane ni."

Tsohuwa ta jawo kasko ta karkata shi, ɗan abin da ya rage bai fi a lasa ba. Ta dangwala gashin kaza ta ja masa layi daga wuya zuwa wutsiya, ta kankare gindin kasko ta gicciya masa wani a kafaɗa. Ta ce, "Iyakarsa ke nan."

Jaki ya shiga ciyawa ya tsaya cik, wai ya ɓace. Tanimu ya hango shi tun daga nesa, ya zo ya kama kunnensa ya ɗora masa itace. Kuma ya bi gari yana ba da labari cewa jaki da bakinsa yake roƙon duka.

Shi ya sa har yau ake dukan jaki yana tsaye ba ya gudu, yana zaton zanen zai fito. In kun gan shi ya sunkuyar da kai ya ƙura wa ƙasa ido, tunani yake a ina maganar ta karkace. Kukan nan nasa ma kalmar yake gwadawa, ya ja ta, ya datse ta, ya sake ja, ko zai dace da wadda Inna Kuluwa ta nufa.

Kai Sallau, rufe baki, ban san ko Tanimu ya gane daga baya ba, ba na wurin. Ku sa littafin a kan jere kada akuya ta cinye, a zo a ce ni ce. Kuma wanda ya yi mini hoton mota da gawayi a bangon ɗaki, ya wanke shi gobe kafin koko, in ba haka ba zan zane shi, kuma ba irin na Inna Kuluwa ba. Ku tashi ku kwanta.