Baƙi da Baƙo a Moɗa Ɗaya

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, yana da ɗa, Habila, yaro mai baki kamar kanari, wanda a ganinsa duk garin ba wanda ya kai shi iya Hausa. Shi ake aika da kwandon tumatir gidan wani attajiri farar fata, wanda ya zo daga ƙetaren teku da matarsa da ɗansa. Tun ana kai tumatir, har Habila da ɗan attajirin suka ƙulla abota. Habila ya koya masa langa, kullum ya kayar da shi, ya dawo gida ya ba da labari da ƙarin gishiri.

Wata rana suka yi wasa har ƙishi ya kama su. Ɗan attajirin ya ɗebo ruwa a moɗarsa, ya sha rabi, ya miƙa wa abokinsa. Kafin moɗa ta kai baki, sai uwar ta fito ta fizge, ta watsar da ruwan. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce, "Ba ka sha a nan. Kai baƙi ne."

Habila ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Uwargida, in mutum ɗaya ne, baƙo ake cewa. Sai an yi yawa ake cewa baƙi. Ni kuwa a garin nan aka yanke mini cibiya. Ai ku ne baƙi."

Ya ɗauki kwandonsa ya nufi gida yana taƙama, ya shaida wa ubansa yau ya sa matar attajiri a makaranta kyauta. Uban bai yi dariya ba. Ya zaunar da shi a gindin mangwaro, ya gaya masa matar ba ta yi kuskuren Hausa ba, launin fatarsa take nufi, don a ganinta bakinsa zai ɓata moɗar.  Habila ya dubi hannunsa kamar yau aka ba shi aro, ya tambaya ko in ya dirje da soso zai fita.

Uban ya ce, "Farar rigarka ta zuwa sujada, ka taɓa ganin jikinka ya ɓata ta? Wanda ya rina ka gwani ne, ɗana. Rininsa ba ya zuba."

Kashegari Habila ya ƙi kai tumatir, ya ce ko abokin nan ya zo yana mutuwa da ƙishi, ba zai ba shi ko ɗigo ba. Da la'asar sai ga ɗan attajirin ya sato jiki ya zo lambu, rana ta mai da fuskarsa ja wur. Bai san yadda ake ba da haƙuri da Hausa ba, sai ya kama ƙafa ɗaya ya tsaya a ɗaya, irin tsayuwar langa, yana tangaɗi, yana kallon randa.

Habila ya haɗe rai iya ƙarfinsa, amma dariya ta ci amanarsa. Ya ɗebo ruwa a moɗarsa, ya ɗan ja masa rai, sa'an nan ya miƙa. Ya ce, "A gidanmu baƙo ke fara sha. Sha, ka rage wa baƙi."

Suka sha. Habila ya sake kayar da shi, don yafiya daban, langa daban.

Ma'anar wannan misali ita ce, yara: mai rinin nan Allah ne, wanda ya yi fari da baƙi daga turɓaya ɗaya, bai kuwa yi kuskure a kan kowa ba. Wata rana wani zai fizge muku moɗa saboda fatarku, ko yarenku, ko tsagar fuskarku. Abin zai yi zafi, ku faɗa wa manya. Amma kada ku nemi soso, gama dattin ba a jikinku yake ba. Kada kuma ku koyi fizgar moɗa. Ubangijinmu da kansa, sa'ad da yake duniya, ya roƙi ruwa a bakin rijiya a hannun wata mace wadda mutanensa ba sa haɗa guga da ita. In randa ta zo hannunku, ku ɗeba ku miƙa.