Takardar da ke Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

An yi wani kafinta, babba a gidansu, mai zurfin ciki na ban haushi. Ko ƙusa ce ta soke shi, sai ya ce lafiya lau. Ba abin da ya tsana kamar a ji sirrin gidansu a waje.

Ranar da ciwon dajin hanji ya ɗauke mahaifinsu, likita ya ja shi gefe.

"Ka ce gwaggonku ma shi ya kashe ta tun ba ta kai hamsin ba? To, irin wannan yakan bi jini. Ba kowa zai kamu ba, amma dukanku ku zo a duba hanjinku da wuri. Ga takarda, ka nuna wa ƙannenka."

Kafinta ya karɓa, ransa a jagule. Wato a ce gidansu da ciwon gado? Wa zai auri 'ya'yansa? Ya ninke takardar, ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburin aikinsa da ke girgiɗi. Dangi kuwa ya ce musu basir ne ya yi wa Baba yawa.

Shi dai gogan naka ya lallaɓa asibiti a ɓoye, aka cire masa wasu 'yan tsiro a hanji tun ba su zama komai ba. Tebur ya daina girgiɗi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana goge katako, idonsa na kan ƙafar nan. Gobe zan faɗa, jibi zan faɗa, har shekara huɗu.

Rannan sai ga Auta, ƙanwarsa, ta shigo shago, duk ta rame.

"Yaya, basir ɗin Baba ya kama ni," ta ce tana dariya. "Wata takwas ina ganin jini, ina ta fama da jiƙo. Ka ji gadon da na samu!"

Zarto ya suɓuce daga hannunsa. Ya durƙusa, ya ɗaga tebur da kafaɗa, ya zaro takardar.

Da ya kai ta asibiti, aka ce dajin hanji ne, kuma ya riga ya kai hanta. Auta ta kaɗe garin katako daga takardar, ta karanta, ta daɗe tana kallon kwanan watan. Ba ta yi kuka ba.

"Yaya, kai an duba ka?"

Ya kasa ɗaga kai.

Jama'a, ciwon da ke bin jini ba abin kunya ba ne, kuma labarinsa ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Idan ka san abin da ya kashe iyayenku, ka faɗa wa 'yan'uwanka yau, ku je a duba ku tare. Ɓoye shi ba rufin asiri ba ne, hana ɗan'uwanka damar tsira ne.