Manomin da Haƙorinsa Ya Yi Shiru

Da ba a hana mu rantsuwa ba, 'yan'uwa, da na rantse ba za ku yarda da wannan ba. Kun san ni da tsokana, ba a kuwa taɓa kama ni ba. Makaranta ban gama ba, amma a ikilisiyar nan ban ga wanda ya kai ni iya labari ba. Sai dai yau ba dariya na kawo muku ba.

Akwai wani manomi da dawarsa ta fi ta kowa kyau a shekarar nan. Ya kira gayya domin girbi, ya bi gida gida ya gaya wa maza rana, matarsa ta jiƙa hatsin kunu. Ana cikin shiri sai haƙorinsa na can ciki ya fara zugi, dasashi ya kumbura ya tara mugunya.

Matar ta ce ya tafi asibiti a ranar. Ya ce wa ya taɓa kiran mutane gonarsa, shi kuma ya tafi ya kwanta a hannun likita? Sai bayan gayya. Ya cusa kanumfari a ramin haƙorin, ya bi da kanwa, ya bi da garin taba.

Wata safiya ya tashi, zugin ya ɗauke ƙaf. Ya yi dariya, ya ce wa matar ta ga aikin maza. Ita ba ta yi dariya ba, gama ta ga kumburin bai tafi ba, sauka ya yi ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri, ga zafi kamar murhu. Ta ce, "Maigida, abin nan ba warkewa ya yi ba, wuri ya sake." Ya ɗaure haɓarsa da ƙyalle ya fita.

Ranar gayya mutane suka cika gona, ganga na tashi. Da rana ta take aka kawo kunu, aka miƙa wa mai gona ludayi don ya fara sha, ya yi wa jama'a godiya kamar yadda aka saba. Baki ya ƙi buɗuwa. Miyau na zuba a rigarsa, numfashi na fita da ƙyar. Mai ganga ya tsaya. Maza suka zubar da lauje suka ɗauke shi zuwa asibiti.

Likita ya ce da ya zo tun haƙorin na zugi, da aikin ƙarami ne. Shirun da haƙorin ya yi, jijiyarsa ce ta mutu, mugunya kuwa ta gangara wuya ta matse hanyar numfashi. Suka yi iya ƙoƙarinsu. Bai koma gida da ƙafarsa ba.

Bayan an binne shi maƙwabta suka gama girbin, ba ganga, ba waƙa. Rumbu ya cika har baki, mai shi bai ci ko loma ɗaya ba.

Ga ma'anar misalin. Haƙorin nan zunubi ne da ke cikin mutum, zugin kuma lamiri ne yana kira a tuba. Kanumfari da taba su ne dabarunmu: "kowa ma yana yi", "sai bayan girbi". Ranar da ka yi mugunta ka ji ba ta dame ka ba, kada ka ce ka warke. Wani abu ne ya mutu a cikinka, ruɓar kuwa tana gangarawa. Ka zo wurin Ubangiji tun kana jin zafin. Haka nan a jiki: wanda kuncinsa ya kumbura, ga zazzaɓi, ko haɗiya ta gagara, ya nufi asibiti a ranar, ko da gayyarsa ce.

Da na gama rubutun nan na kai wa Mama Briskila, shugabar zumuntar mata, don ta yaba mini. Ina karanta mata, tana ji tana matsowa, tana shaƙar iska. Ta ce warin kanumfari take ji.

"Gidiyon, buɗe bakinka in gani."

"Ai Mama, ya daina ciwo."

Ban rufe baki ba ta riga ta ɗauki mayafinta, ta tsai da mai babur. Saboda haka wani ne zai karanta muku wannan takarda ranar Lahadi. Ni ina kan bencin asibiti, Mama na riƙe da rigata kada in gudu.