Sa Hannun Ranar Laraba

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin gaggawa na wani asibiti, kowa Anti Babba yake ce mata. Shekararta ashirin a aiki. Hannunta da sauƙi wajen allura, amma bakinta sai dai a yi shiru.

Dokar ɗakin ita ce kowace safiya a duba tukunyar iskar numfashi, sannan a sa hannu a takardar da ke rataye a wuyan tukunyar. Ita kuwa ranar Litinin take cike layin mako guda gaba ɗaya. Jami'in kula da inganci ya yi mata magana har sau uku, ta ce tun yana zanin goyo take aikin nan, ba shi zai koya mata ba.

Wata Laraba da hantsi aka shigo da yaro ɗan shekara shida, numfashinsa na sarƙewa, kakarsa na biye da takalmi ƙafa ɗaya. Anti Babba ta jawo tukunya ta murɗa. Wayam! Kafin a gunguro wata daga ɗakin haihuwa, rai ya yi halinsa.

Da aka zauna bincike, takardar ce ta wanke ta, ga sa hannunta na Laraba raɗau. Aka ce bututu ne ya yi yoyo. Kowa ya yarda, ban da ita.

Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Ko tayar keke ta ji tana sacewa sai gabanta ya faɗi. Abin da ya fi cin ranta, kakar nan ba ta daina zuwa gaishe ta ba, tana sa mata albarka, wai ta ga irin gudun da ta yi a kan jikanta.

Bayan wata huɗu tsohuwar ta zo riƙe da ƙanwar marigayin, yarinyar na ta tari.

"'Yata, an ce in kai ta wani asibitin, na ƙi. Ke kaɗai na yarda da ke."

Anti Babba ta dubi yarinyar, idanun sak na yayanta. Sai ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Inna, ranar nan ban duba tukunyar ba. Ƙarya na rubuta."

Ba zagi, ba kuka. Tsohuwa ta saɓa jikarta a kafaɗa ta fita.

Darasi: Kada ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba, don bayan kowane layi akwai ran wani. Ku tura wa duk ma'aikacin lafiyar da kuka sani.