Amalanken da Ba Shi da Birki

Akwai wani manomin dankali a kan tudu wanda ya sayi mota mai ƙarfi, irin wadda tayoyinta huɗu duk suke ja. Taɓo ba ya hana ta wucewa, dutse ma haka. Sai ya je wurin mai walda, ya sa aka ƙera masa amalanken ƙarfe da zai riƙa ɗaurawa a bayanta.

Mai walda ya ce, "Maigida, a sa masa nasa birki?"

Manomin ya ce, "Motar ba ta da birki ne?"

Mai walda dai ba lauya ba ne. Ya ci gaba da aikinsa.

Ranar kasuwa da safe manomin ya loda dankalinsa, amalanke ya cika daidai. Sai maƙwabta suka fara zuwa. Wannan ya ce, "Buhu ɗaya ne kawai." Wancan ma buhu ɗaya ne kawai. A garin nan ba a taɓa jin wanda ya kawo buhu biyu ba, sai dai ɗaya da ɗan'uwansa. Daga ƙarshe surukinsa, uban matarsa, ya iso da nasa buhunan, ya ce shi ma kasuwar za shi.

Matar manomin ta ja mijinta gefe, ta ce, "Baban Haggai, dubi bayan motar nan. Ya zauna fa."

Ya ce, "To buhun wa zan sauke? Na Baba? Je ki faɗa masa da bakinki."

Ba ta je ba.

Aka ce wa tsohon ya shiga gaba. Ya ƙi, don ba zai zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yarsa ba. Ya ce, "Ku bar ni a sama, na fi shan iska." Ya hau kan buhunan. Manomin ya san wurin ba wurin zama ba ne, amma kunya ta kama bakinsa.

Motar ta hau tudun farko ba ko nishi, har manomin ya yi murmushi. Sa'an nan suka kai gangaren da ke sauka kasuwa. Ya taka birki, motar ta yarda ta tsaya, amma amalanken ba wanda ya yi shawara da shi. Ya tura ta gaba. Ƙauri ya tashi daga tayoyi. A lanƙwasar hanya motar ta bi titi, amalanken ya bi nasa ra'ayi, ya kife cikin kwazazzabo.

Motar ta ɗan kwarzane. Manomin da matarsa suka fita lafiya. Tsohon kuwa, sai da aka ɗage buhuna kafin a same shi, ya riga ya cika. Kafin azahar maƙwabta suka iso suna kuka, kowa kuma ya gane buhunsa. A wurin makoki aka ce kwanansa ne ya ƙare. Ba wanda ya yi maganar nauyi.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Motar ita ce kai, da ƙarfin da Allah ya ba ka. Wanda ya ƙera mota ya sa iyakar abin da za ta ja, ba don ya raina ta ba, sai don ya san ja daban, tsayarwa daban. Buhunan su ne hidimomin da muke karɓa: na dangi, na unguwa, har da na ikilisiya, kowanne da sunan ɗan ƙarami. Birkin kuwa kalmar nan ce, "A'a, ba zan iya ba," wadda yawancinmu muke ɗauka zunubi.

Muna auna kanmu a hawa, lokacin da ake yabonmu. Amma gangare yana gaban kowa: ciwo, tsufa, shekarar da gona ta ƙi. A ranar, abin da kake ja shi zai tura ka. Mai ƙarfi sau da yawa yakan fita da ƙafarsa. Wanda ake binnewa shi ne wanda ya amince da shi.

Saboda haka ka sauke abin da ya kamata ka sauke tun kana ƙofar gida. Maƙwabci zai yi fushi, amma akan gama fushi a gaisa. Matar manomin nan har yau tana dafa wa mijinta tuwo, ta ajiye masa, ba ta cewa komai.